Sarki Kazu: Ta Leƙo Sau Biyu, Ta Koma

A shekarar 1982 wani yaro ɗan shekara 15 daga garin Shizuoka ya bar makarantar sakandare, ya hau jirgi shi kaɗai sai Brazil, wai zai zama ƙwararren ɗan ƙwallo. A lokacin Japan ba ta da gasar ƙwararru. Galibin ƙungiyoyin ƙasar na kamfanoni ne, 'yan wasan kuma ma'aikatansu ne, hankalin jama'a duk yana kan wasan besbol. Sunan yaron Kazuyoshi Miura.

Brazil ba ta karɓe shi hannu bibbiyu ba. Ya fara da matasan Juventus ta São Paulo, a 1986 ya sa hannu a kwantiraginsa na farko da Santos, tsohuwar ƙungiyar Pele, amma bai samu gurbi ba. Daga nan sai yawon ƙananan ƙungiyoyi: Matsubara, CRB, XV de Jaú. Sai a 1989 tauraronsa ya fara haske a Coritiba, inda suka ci kofin jihar Paraná, Santos ta sake ɗaukarsa. A 1990 ya tattara ya koma gida da buri guda, ya kai ƙasarsa Gasar Cin Kofin Duniya, wadda ba ta taɓa zuwa ba.

Ya dawo a kan gaɓa. Japan ta ci Kofin Asiya karo na farko a 1992 a Hiroshima, shi aka zaɓa gwarzon gasar. Da aka buɗe J.League a 1993, ƙungiyarsa Verdy Kawasaki ta ɗauki kofi, shi kuma ya zama gwarzon shekara na farko. Yana zura ƙwallo sai ya cashe da wata rawa mai ƙamshin samba, yaran Japan suna kwaikwayo a tituna. Tun daga nan sunan Sarki Kazu ya bi shi.

Sai daren 28 ga Oktoba, 1993, a Doha. Japan ce ke saman teburin wasannin share fage na Asiya, bayan Kazu ya ci ƙwallo ɗaya tilo da ta kayar da Koriya ta Kudu. Nasara a kan Iraƙi kawai ake buƙata a tafi Gasar Cin Kofin Duniya a Amurka. Minti 5 da take wasa Kazu ya jefa ta farko. Iraƙi ta farke, Masashi Nakayama ya ƙara ta biyu. Lokaci ya cika, saura alƙali ya hura usur, sai Iraƙi ta samu bugun kwana. Maimakon a dako ƙwallon kai tsaye, sai aka miƙa wa wani na kusa. Wanda ya taso ya tare shi Kazu ne. Mutumin ya zille masa, ya ɗago ƙwallon, Jaffar Omran ya sa kai, ta faɗa raga. Aka tashi 2 da 2, 'yan Japan suka zube a ƙasa, Koriya ta Kudu ta wuce da yawan ƙwallaye. Har yau Japanawa na kiran daren da Bala'in Doha. Gasar Amurka ɗin nan ita ce Najeriya ta fara zuwa. Da ƙasashen biyu sun yi farin shiga tare. Sun dai haɗu a Riyadh a Janairun 1995, Kazu na cikin tawaga, Super Eagles ta lallasa su 3 da nema.

A tsakanin nan ya tafi Genoa a 1994, Bajapane na farko a Serie A. Wasansa na farko da AC Milan ya yi karo da Franco Baresi, ya samu karaya a fuska. Ƙwallo ɗaya ya ci a Italiya gaba ɗaya, sai dai a ragar Sampdoria ce, abokiyar gabar Genoa ta cikin gari.

Abin da ya same shi a 1998 ya fi na Doha ciwo, domin wannan karon daga gida ne. Ƙwallo 14 ya ci a share fagen zuwa Gasar Cin Kofin Duniya a Faransa. Japan ta samu tikiti bayan ta doke Iran 3 da 2 a Johor Bahru. Ana sauran 'yan kwanaki a fara gasa, tawaga na atisaye a Nyon ta ƙasar Suwizalan, koci Takeshi Okada ya fito ya bayyana mutum uku da ya cire, Kazu na ciki. Adalci shi ne a faɗa cewa ƙafarsa ta yi sanyi a wasannin ƙarshe, kuma zamanin su Hidetoshi Nakata ya zo. Duk da haka a ganina, tawaga mai mutum 22 ba ta rasa kujera ɗaya ga wanda ya ɗauko ta tun daga tushe ba. Da ya sauka a gida bai zagi kowa ba. Cewa kawai ya yi ya baro zuciyarsa a can tare da 'yan'uwansa. Japan ta sha kashi a duka wasanninta uku, ƙwallo ɗaya ta ci.

Ya gama buga wa ƙasarsa a 2000 da wasa 89 da ƙwallo 55. Kunishige Kamamoto kaɗai ya fi shi. Kowa ya zaci ritaya ta kusa. Bayan Zagreb da Kyoto, ya buga a Kobe, ya koma Yokohama FC a 2005, ya je aro Sydney. A 2012, yana da shekara 45, ya saka rigar Japan a Kofin Duniya na ƙwallon cikin ɗaki a Thailand. A Maris 2017 ya shiga fili yana da shekara 50 da kwana 7, ya zarce Stanley Matthews na Ingila a yawan shekaru, bayan mako guda kuma ya ci Thespakusatsu Gunma ƙwallo, ya yi rawarsa da furfura a ka. Yokohama FC ta mayar da sabunta kwantiraginsa al'ada: ranar 11 ga Janairu, ƙarfe 11 da minti 11, saboda lambar rigarsa.

Masu suka na cewa talla ce, kuma ba su yi ƙarya duka ba. 'Yan mintoci yake bugawa, sunansa ne ke cika filin wasa. Suzuka, inda ya je aro a 2022, yayansa Yasutoshi ne kocinta. Oliveirense ta Fotugal, inda ya je a 2023 yana da shekara 55, masu Yokohama FC ne ke da ita. Amma talla ba ta yi wa mutum atisaye. Kullum da safe yana fili yana gudu da samarin da ya girmi iyayen wasunsu, ya yarda ya sauka har rukuni na huɗu, ya zauna a benci yana jiran koci ya waiwayo shi.