Baƙo Raɓa Ne: Samarin Mishan da Ƙasar Damagaram

Shekaru da dama, idan lokacin hutun lakwal ya zo a Amurka da ƙasashen Turai, majami'u sukan tara kuɗi su aiko samari da ƴan mata zuwa ƙasarmu, su yi mako biyu ko uku. Daga Yamai sukan kama hanyar gabas, wasu su tsaya Galmi, wasu Maraɗi, wasu su iso Damagaram. Aikinsu shafen bango, gyaran ɗakunan karatu, taya malaman likita, da wasa da yara. Wanda ya ga zamanin Samariya, lokacin mulkin Janar Seyni Kunce, ya san irin wannan aiki, don gayya ce. Amma ɗan Samariya a garin yake kwana, shi kuwa baƙo raɓa ne.

Ƴan mishan sun daɗe a wannan ƙasa. A 1924 ƙungiyar SIM ta sauka Damagaram, sa'ad da garin yake babban birnin mulkin Faransa a Nijar, kafin a mai da shi Yamai a 1926. Kaɗan ne suka karɓi addininsu, har yau Kirista ba su kai ɗaya cikin ɗari na jama'ar ƙasa ba. Abin da ya wanzu a idon talaka shi ne aikin da aka daɗe ana yi. Likitar Galmi, wadda aka buɗe a 1950, tana karɓar marasa lafiya, Musulmi da Kirista, har da masu zuwa daga Nijeriya.

Haka kuma zancen itatuwa. Tony Rinaudo, mutumin Ostareliya, ya fara da dashen itace a jahar Maraɗi, yawancin dashen ya mutu. Sai a 1983 ya lura cewa tsiron da manoma suke sarewa wajen sassabe yana fitowa ne daga tsofaffin kututture masu saiwa da rai. Dabarar ita ce a zaɓi tsiro mafi ƙarfi a bari, a sare sauran, a tsare shi daga dabbobi. Aka kira ta sassaben zamani. Ya yi fiye da shekara 15 tare da manoma. A yankin Magarya, Matamai da Mirya kuwa, manoma da kansu suka raya gawo a gonakinsu, don sun san yakan zubar da ganye da damina, bai hana hatsi rana, ƴaƴansa kuma abincin bisashe ne. Masana sun ƙiyasta itatuwa wajen miliyan 200 da suka farfaɗo a kan hekta miliyan 5 a kudancin ƙasa. Ba a gane irin wannan cikin mako biyu.

Akwai kuma zancen zaman lafiya. Ranar Juma'a 16 ga Janairu 2015, bayan zanen ɓatanci da wata jarida ta Faransa ta buga, tarzoma ta tashi a Damagaram, aka ƙone majami'u da cibiyar al'adun Faransa, washegari ta kai Yamai. Kiristan Damagaram ba su da hannu a cikin zanen, amma su suka ɗauki nauyin abin da aka yi a Turai. Wasu Musulmi sun ɓoye maƙwabtansu a gidajensu. A 2016 aka sace wani Ba'amurke ma'aikacin agaji a Abalak, ba a sake shi ba sai 2023. Matsalar tsaro ta rage zuwan baƙi ƙwarai.

Saboda haka, duk ƙungiyar samari da za ta zo, daga Turai ko daga Kano da Jos, ya kamata ta fara gaida hukuma da fada da mai unguwa. Ta tambayi mutanen gari abin da suke bukata kafin ta sayi fenti. Kada ta karɓe aikin da maginin gari zai ci abinci da shi, kada ta ɗauki hoton mace ko almajiri ba da izini ba, ta kuma kiyaye harshenta game da addinin masu masaukinta. Hausawa sun ce baƙo makaho ne ko da yana da ido. Idan ya hau mota ya koma, ɗan gari ne zai zauna da abin da ya bari, a kasuwa da bakin rijiya.