Hagu a Gaba, Dama a Baya: Abin da Ke Rikita Fareti

Duk wanda ya yi firamare a Gwarzo ko Getso, ko Kabo ko Garo, ya san hidimar ranar fareti. Tun ana saura makonni a kai 27 ga Mayu, Ranar Yara, ko 1 ga Oktoba, ranar samun 'yancin kai, ake ta atisaye a filin makaranta. Ranar da kanta kuwa sai an sha wanki da guga, an shafa wa takalmi farar ƙasa, a ɗunguma zuwa filin taro. 'Yan badujala su tsuke ɗamara, mai babbar ganga ya rataye abarsa a ƙirji, masu bigila su goge nasu yana walƙiya. Daga nan sai a fara ganin abin da aka saba gani. Layin gaba na taka hagu, na baya na taka dama. Bigila ta yi kukan da ba a aike ta ba. Wani yaro ya sulale ƙasa a daidai lokacin da babban baƙo ya miƙe zai karɓi gaisuwa. 'Yan kallo su kece da dariya, malamin fareti ya ciji yatsa, washegari kuma dorina ta yi aiki.

Kafin a ɗaga dorinar, ya kamata a san cewa mafi yawan waɗannan kurakurai ba daga daƙiƙancin yaro suke ba. Nisa ne, da yanayi, da kuma manya.

A fara da nisa, don shi ne aka fi zaluntar yara a kansa. Sauti tafiya yake yi, kuma ba shi da saurin da muke zato. A irin zafin ƙasarmu yana cin kimanin mita 350 a sakan ɗaya. Macin da makarantu da sojojinmu suka gada daga Turawan Ingila kuwa kusan taki 120 ne a minti, wato kowane taki rabin sakan. To, a lissafa. Yaron da ke mita 100 daga ganga, misalin tsawon filin ƙwallo, bugun yana isa kunnensa ne bayan kusan kashi ɗaya cikin uku na sakan, ya riga ya makara da fiye da rabin taki. Wanda ke mita 175 kuwa, kamar yadda ake samu idan jerin gwano ya miƙe a kan titi ranar zagayen Maulidi, ya makara da taki guda cif. Lokacin da na kusa da ganga suka sauke ƙafar dama, shi a lokacin ne bugun hagu ya riske shi. Abin takaicin, yaron da ya fi kowa bin umarni, wanda aka ce masa ya saurari ganga kuma ya saurara da gaske, shi ne zai fi fita daga sahu. Wanda ya yi watsi da kunnensa ya zuba wa ƙafar na gabansa ido, shi ke tsira.

Ga kuma amsa-kuwwa. Filayenmu da yawa a zagaye suke da katangar makaranta ko dogon ginin ajujuwa. Idan bangon na da nisan mita 40 zuwa 45 daga mai ganga, sautin zai je ya dawo cikin kimanin kwatan sakan, ya faɗo a tsakiyar taki biyu daidai. Sai yaro ya riƙa jin ganga biyu, ta gaske da ta bango, ya rasa wadda zai bi. Shi kansa mai ƙaramar ganga yakan rikice, ya fara bin kuwwar bugunsa, kiɗan ya riƙa ja da baya ba tare da kowa ya san dalili ba. Wannan ne ya sa makarantar da ta yi atisaye lafiya lau a filinta takan zo filin taro ta watse. Ba tsoron jama'a ne kaɗai ba, filin ne ya sauya.

Masu wannan sana'a a duniya sun daɗe da sanin haka. Doguwar sandar nan mai ƙyalli da shugaban 'yan badujala ke jujjuyawa a gaba, wadda mu muke ɗauka ta burgewa ce, aikinta na asali ba da umarni ga ido ne, domin abin da ido ya gani ba ya makara. A Amurka, inda ƙungiyoyin ganga da bigila ke gasa a ƙarƙashin Drum Corps International tun 1972, ƙa'idar da ake cusa wa kowane sabon shiga ita ce na can ƙarshen fili su kalli hannun madugu, na gaba kuma su saurari bugun da ke zuwa daga bayansu. A wurinmu gyaran bai kai haka wahala ba. A tsayar da makaɗa a tsakiyar fili, suna fuskantar rumfar manyan baƙi, maimakon a jibge su a kusurwa, kuma a kai yara ainihin filin su gwada ko da sau ɗaya kafin ranar.

Akwai kuskuren da yake na makaɗa ne zalla, kuma shi ya fi ba da dariya. A tsarin badujala, mai babbar ganga ne ke riƙe da linzami. Bugunsa mai nauyi a ƙafar hagu yake sauka, kuma idan za a yanke kiɗa shi ke ba da alama da bugu biyu a jere. Wanda hankalinsa ya tafi wajen 'yan kallo bai ji alamar ba, sai kowa ya yi tsit shi kaɗai ya kwaɗa faifan ƙarfensa, ko ya saki busa guda a sarari. Wannan kam babu ruwan nisa, sai dai a ce Allah ya kyauta.

Ita ma ganga tana da nata halin. Ranakun faretinmu biyu duk sun faɗo a bakin damina, ɗaya a farkonta, ɗaya a ƙarshenta. Fatar akuya kuwa tana shan laima. Gangar da aka ɗaure tamau jiya da rana, idan ta kwana a ɗakin ajiya mai danshi ko aka yi yayyafi da asuba, sai ta wayi gari a sake, a buga ta ce fuf, muryarta ba ta wuce layi uku. Makaɗan gargajiya sun san maganin abin, shi ya sa za ka ga sun shanya ganga a hantsi ko sun kara ta kusa da wuta kafin su fara. Amma yaron makaranta da ya ga ana yi yakan zarce, ya matsa ta jikin garwashi har fatar ta ƙone ko ta tsage a bugun farko. Da hunturu kuma akasin haka ake samu, fata ta bushe ta ɗaure fiye da kima, sanda ɗaya mai ƙarfi ta huda ta. Fatar roba da aka fara yi a ƙarshen shekarun 1950 ta rage wannan wahala ƙwarai, sai dai ita ma idan ta fashe ba ta ɗinkuwa, kuma ba kowace makarantar ƙauye ke da kuɗin sauya ta ba. Mai kalangu ne kaɗai ya huta, tunda ɗaurin fatarsa na ƙarƙashin hammatarsa, ya matse tsarkiya ya saki yadda ya ga dama.

Bigila ta fi ganga rashin mutunci. Bututun tagulla ne kawai a naɗe, ba maɓalli, ba ramin yatsa. Muryoyi biyar ne ake amfani da su a cikinta, kuma leɓen mai busa ne ke zaɓar kowace, gwargwadon yadda ya matse shi da ƙarfin iskar da ya tura. Idan leɓen ya bushe, ko ya tsage da iskar hunturu, ko ya gaji, ko ya yi rawa don fargaba, muryar sai ta zame zuwa ta sama ko ta ƙasa, a ji wannan karyewar mai sa mutane su dubi juna. Tururin numfashi kuma yana taruwa a ciki ya zama ruwa, wanda bai zubar ba sai busarsa ta riƙa gurgura. Bigilar da aka ajiye a rana muryarta takan ɗan haura ta wadda ke inuwa, a busa su tare su ƙi haɗuwa.

Kada a ɗauka na koyo kaɗai abin ke samu. Ranar 25 ga Nuwamba 1963, a maƙabartar Arlington, aka binne shugaban Amurka John F. Kennedy, duniya na kallo ta talabijin. Saje Keith Clark, babban mai bigila na ƙungiyar makaɗan sojan Amurka, shi aka ba busar bankwana da suke yi wa mamatansu, mai muryoyi 24. Ya yi sa'o'i a tsaye cikin sanyi yana jira, ga shi an tsayar da shi dab da masu harbin girmamawa, aka saki bindigogi a kunnensa. Da ya ɗaga bigila, a murya ta shida sai ta karye. Bai tsaya ba, ya ƙarasa sauran lafiya. Jama'a da yawa sun ji karyewar kamar shessheƙar kuka, har aka riƙa aiko masa da wasiƙun godiya. Mutumin da ya yi wannan busa sau ba adadi ke nan. Ina ga ɗan aji biyar da aka miƙa wa tsohuwar bigila mai lanƙwasa mako uku kafin fareti?

Mako ukun ma ba da wasa na faɗa ba. Nan kusa, a sansanin masu yi wa ƙasa hidima da ke Kusalla ta ƙasar Ƙaraye, maƙwabciyar Gwarzo da Kabo, mako uku ne duka zaman, kuma bigila ce ke tayar da su da asuba. Waɗanda suka gama manyan makarantu ne, sojoji ke horar da su safe da yamma, amma duk wanda ya taɓa kallon faretin masu hidimar ƙasa ya san ba a rasa mai jefa hannu da ƙafar ɓangare ɗaya tare, ko mai juyawa hagu alhali an ce dama.

Wani ruɗanin kuma daga sama ya sauko. Ranar 29 ga Mayu 2024, kwana biyu bayan Ranar Yara, Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a dokar da ta dawo da tsohon taken ƙasa, wanda aka yi amfani da shi daga 1960 zuwa 1978. Wanda aka ajiye, Benedict Odiase ne ya tsara kiɗansa, shugaban makaɗan 'yan sandan Najeriya na lokacin, kuma shekara 46 ana buga shi. Makaɗan makarantu da na ƙungiyoyin agaji galibi da ka suke koyo, daga hannun na gaba da su, ba daga takarda ba. Hannun da ya saba da abu tun yana yaro ba ya sakin sa don an sa hannu a Abuja. Ba abin mamaki ba ne a ji ganga ta ɗauko tsohon salo baki na rera sabon take.

A fagen sarauta kuskure ya fi haka nauyi, ko da yake ba a cika jin labarinsa ba. Idan hakimi ya hau ranar Sallah, algaita da ganga ba sauti kawai suke fitarwa ba, take suke faɗa, kuma kowace sarauta da nata. Makaɗin da ya ɓata ya busa wa wani taken wani, dattawan da ke wurin sun ji, ko da yara ba su gane ba. Sai kuma doki. Wanda bai saba da ƙarar badujala ko ta bindigar gargajiya ba yakan zabura ya yi cikin jama'a, don haka masu hankali ke saba wa dokinsu da kiɗa tun kafin ranar hawa.

Saura suma, wadda ita ba abin dariya ba ce ko kaɗan. Jinin da ya sauka ƙafa, tsokar sha-raɓa ce ke taimakawa wajen tura shi sama, kuma sai tana motsi take wannan aiki. Mutum ya ƙame wuri ɗaya, gwiwa a sandare, jini sai ya taru a ƙasa. Zafi ya buɗe hanyoyin jini na fata, gumi ya rage ruwan jiki, abin da ke isa ƙwaƙwalwa ya yi kaɗan. Sai jiri, sai duhu-duhu, sai ƙasa. Ranar 10 ga Yuni 2023 a Landan, wajen atisayen faretin da Yarima William ya duba, aƙalla sojoji uku suka faɗi cikin jajayen rigunansu na ulu da dogayen hulunan gashi. Ɗaya daga cikinsu mai busa ne, ya farfaɗo ya miƙe yana neman ci gaba da busarsa, masu ba da agaji na tsaye a kansa. Zafin ranar bai wuce kusan digiri 30 ba. A yammacin Kano, a watan Mayu, yakan kusanci 40.

Abin da sojoji ke koya wa junansu mai sauƙi ne, kuma ya kamata kowane malamin fareti ya faɗa wa yaransa. A karya kumallo, a sha ruwa, kada a sandare gwiwa, a riƙa motsa yatsun ƙafa cikin takalmi ana matse sha-raɓa ana saki. Wanda ya ji jiri ya durƙusa, ba abin kunya ba ne. Idan yaro ya faɗi, a kai shi inuwa, a kwantar da shi, a ɗaga ƙafafunsa, a sassauta masa ɗamara da wuyan riga. Kada a ɗura masa ruwa a baki sai ya farfaɗo sosai, don zai iya shaƙewa. Idan jikinsa ya yi zafi rau, ko yana sambatu, ko ya jima bai dawo hayyacinsa ba, a jiƙa shi da ruwa ana fifita, a garzaya asibiti. Mai ciwon sikila kuwa tun farko bai kamata a tsayar da shi a rana ba, domin ƙishirwa na tayar masa da ciwo.

Amma duk wannan dabarar jure jira ce, jiran kuma wa ya jawo shi? A katin gayyata an rubuta ƙarfe tara. An jera yara tun bakwai da rabi, wasu an kwaso su daga ƙauyuka ko koko ba su sha ba. Babban baƙo ya iso sha ɗaya ta gota, ya zauna a inuwar rumfa, ga ruwan sanyi a gabansa, a shiga jawabai, kowane mai jawabi sai ya gaida manyan baƙi ɗaya bayan ɗaya da sarautunsu. Kafin a ce a fara maci, fatar ganga ta sha rana ta sauya murya, leɓen mai bigila ya bushe, 'yan agaji sun kwashe yara uku ko huɗu daga cikin sahu, gurabensu na nan a buɗe. Da za a bar yara su zauna a inuwa har sai an ji jiniyar motar baƙo, a fara da macin sannan jawabai su biyo baya, ko kwabo ba zai ƙaru a kasafin ƙaramar hukuma ba.