Kanari da Jan Ƙwaro Mai Ɗigo-ɗigo

Wanda ya ga kanari ya tashi daga reshe, ya kuma ga ɗan jan ƙwaron nan mai ɗigon baƙi, wanda bai kai ƙwayar wake ba, ya buɗe fukafukai ya bar ganyen gyaɗa, zai iya zaton akwai nasaba tsakaninsu. Alhali kuwa a wurin ma'abota ilmin halitta, kanari ya fi kusa da kada, kai har da ɗan Adam, bisa ga wannan ƙwaro.

Asalin saɓanin yana ga ƙashi. Allah Ya sanya wa kanari nasa a ciki, Ya lulluɓe shi da tsoka da gashi, Ya mai da hannuwansa fukafukai. Ƙwaron kuwa ba shi da ƙashi ko ɗaya, sai ɓawo mai tauri daga waje, da ƙafafu shida, da fukafukai huɗu, biyun sama sun ƙandare sun zama murfi ga na ƙasa. Da yake ɓawo ba ya girma, dole tsutsarsa ta riƙa yin saɓa, sa'an nan ta manne wa ganye ta daina cin abinci, har ta fito da sabuwar sura.

Mas'alar numfashi ta fi ban al'ajabi. Kanari yana da huhu da zuciya mai ɗaki huɗu, zafin jikinsa ba ya nisa da daraja 41 ko da tsakiyar hunturu ne, waƙarsa kuma tana fitowa daga wata gaɓa a mararrabar bututun numfashi, kuma sai ɗa ya saurari manya kafin ya ƙware. Ƙwaron ba huhu, ba murya. Iska tana shiga ta ƙananan kafofi a gefen jikinsa, in an yi sanyi ya lafe, in an taɓa shi ya tsatso ruwa rawaya mai ɗaci daga gwiwoyinsa, abin da ya sa tsuntsaye da yawa suke ƙyamar wannan jan launi.

Uwar kanari tana kwanci wajen mako biyu, ita da mijinta su ciyar da 'ya'yan. Uwar ƙwaro ko sai ta zuba ƙwai a tsakiyar darɓa ta yi gaba. Cikin jinsinsa, wanda ya kai nau'i 6,000, akwai masu cin ganye, amma galibinsu darɓa ce kalacinsu, babba guda yakan cinye misalin 50 a yini. Don haka, manomi, in ka gan shi a gonarka, ka dakata da feshi tukuna.