Gargaɗi ga masu rubuta manhaja kan tayin albashin dala

Ƙannena masu rubuta manhaja a Meiganga, da ku da kuka tafi karatu Ngaundere, Garwa da Marwa, ku dakata kafin ku amsa saƙon nan na aikin dala. Ina nufin saƙon da ke shigowa ta LinkedIn ko Telegram, da Turanci ko Faransanci, daga mutumin da ba ku taɓa gani ba. Zai ce ya ga aikinku ya burge shi, kamfaninsu na neman irinku, albashi dala dubu uku a wata, kuma daga cikin ɗakinku za ku yi. Irin wannan saƙo ya riga ya jefa mutane da yawa cikin halaka a ƙasashe daban-daban, kuma ɓarnarsa ba ta tsayawa kan wanda ya amsa. Ta kansa take bi ta afka wa waɗanda suka ba shi amanar ayyukansu.

Na san abin da ke sa kunne ya karkata. Duk inda uku daga cikinku suka haɗu wurin mai shayi bayan isha'i, hirar ba ta wuce abu biyu: wace sabuwa ce ta fito a duniyar fasaha, kuma nawa ake biyan wane. An ce wani a Buea yana karɓar yuro daga kamfanin Faransa, an ce wani a Duwala ya sayi mota cikin shekara guda. Lissafin kuwa ba wuya. Yuro ɗaya sefa 655 ne da 'yan kai, don haka yuro dubu biyu ya haura sefa miliyan 1.3. A gefe guda, mafi ƙarancin albashin da gwamnatin Kamaru ta tsayar a 2023 ga ma'aikatan kamfanoni da ba na noma ba sefa dubu 60 ne. Ga kuma mai shago ko mai makaranta da zai sa ka kwana uku kana gina masa shafi, in aka zo biya ya ce ai danne-danne ne kawai, ya ba ka rabi, sauran sai Allah ya hore. Matashin da ke cikin wannan hali, in ya ji dala dubu uku, dole zuciyarsa ta buga, kuma ban ga laifinsa ba.

Amma labaran fasahar da kuke karantawa kullum su ne ya kamata su fara tsayar da ku. A Nuwamban 2022 kamfanin Meta ya sallami ma'aikata dubu 11. A Janairun 2023 Google ya sallami dubu 12, Microsoft dubu 10. Tun a 2019 kamfanin Andela, wanda ya yi suna wajen horar da matasan Afirka, ya sallami ƙananan masu rubuta manhaja kusan 400 a Najeriya, Kenya da Uganda, don kasuwa ta koma neman ƙwararru. Sannan ƙirƙirarriyar basira ta zo tana yin ƙananan ayyukan da a da ake ba sabon shiga. To a irin wannan kasuwa, da gogaggun mutane ke yawo da takardun neman aiki, me zai sa wani ya tsallake su duka ya zo yana lallashin yaron da bai cika shekara biyu da fara aiki ba? Ku da kuka tashi a yankin Mbere kun ga yadda ake cinikin zinariya. Mai saye ba ya faɗin kuɗi sai ya duba, ya gwada, ya ɗora a sikeli. Wanda ya yanka maka farashi tun bai ga abin da ke hannunka ba, wani abin yake nema a wurinka daban.

Abin da yake nema sau da yawa kwamfutarka ce. Ga yadda ake yi. Bayan gaisuwa da yabo, sai a ce saura ɗan gwaji. A turo maka adireshin wani aiki a GitHub ko Bitbucket, a ce ka sauke, ka kunna shi a kwamfutarka, ka gyara wata 'yar matsala, ka turo cikin awa ɗaya domin akwai wasu a layi. Aikin zai yi kama da na gaske, da fayiloli a tsare, da bayani a rubuce. Kai kuma hankalinka na kan agogo da sauran cajin batir, ka buga npm install ba tare da ka karanta abin da kake girkawa ba. A cikin ɗaya daga fayilolin nan akwai wani dogon layi da aka tura can gefen dama inda ido ba ya kaiwa, ko wani ƙunshi mai suna kusan iri ɗaya da wanda ka saba. Kafin ka gano matsalar da aka ce ka gyara, an kwashe lambobin sirrin da ka adana a Chrome, da mabuɗan lalitar kirifto in kana da ita, an kuma bar wata ƙofa a buɗe da za a riƙa shigowa duk lokacin da aka ga dama.

Wannan ba jita-jita ba ce. A Nuwamban 2023 masu binciken kamfanin tsaro na Palo Alto Networks suka fallasa wannan salo, suka danganta shi da masu kutsen Koriya ta Arewa, suka sa wa muggan manhajojin suna BeaverTail da InvisibleFerret. Kafin nan, a Maris 2022, an sace sama da dala miliyan 600 daga tsarin wasan Axie Infinity, kuma rahotanni sun nuna cewa ta hannun injiniya ɗaya aka shiga, wanda aka yi wa tayin aikin bogi mai tsoka ya buɗe takardar tayin. Injiniyan nan ƙwararre ne, ba ɗan koyo ba.

Wani zai ce ni me nake da shi da za a sata. Ka duba abin da ke cikin kwamfutar tafi-da-gidanka yanzu haka. Akwai mabuɗin shafin makarantar da ka gina wa tsarin sakamakon jarrabawa. Akwai bayanan marasa lafiya na ƙaramin asibitin da ka yi wa aiki. Wataƙila akwai sunaye da lambobin wayar 'yan gudun hijirar Afirka ta Tsakiya, in ka taɓa yi wa wata ƙungiyar agaji kwangila. Akwai hanyar shiga asusun Orange Money ko MoMo na ɗan kasuwar da ya ce ka haɗa masa da shagonsa. Waɗannan mutane ba su amsa saƙon kowa ba, kai suka yarda da shi. Ga kuma abin da ya fi tayar mini da hankali: yadda kuke son juna da alheri, da ɗaya ya sami irin wannan tayi sai ya tura wa abokai biyar, ya ce ku ma ku gwada sa'arku. A dare ɗaya kwamfuta shida ta tafi.

Akwai wani tayin da ya fi wannan daɗin baki. Ba gwaji, ba aiki. Za a ce maka kawai ka ba da hayar asusunka na Upwork ko LinkedIn, ko ka buɗe sabo da sunanka, ka turo hoton katin ɗan ƙasa kana riƙe da shi kusa da fuskarka, ka girka AnyDesk, ka bar kwamfuta a kunne da dare. Wani zai yi aikin daga nesa, kai ka karɓi kasonka duk wata. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Duk abin da mutumin nan ya aikata, da sunanka ya aikata shi, kuɗin da ya bi ta asusun kuma kai za a tambaya. A Yulin 2025 wata kotun Amurka ta yanke wa Christina Chapman ta jihar Arizona ɗaurin shekara takwas da rabi, saboda ta tara kwamfutoci a gidanta ma'aikatan Koriya ta Arewa na amfani da su daga nesa, suka yaudari kamfanoni sama da 300, aka tara fiye da dala miliyan 17. Waɗanda take yi wa aiki suna can inda hannu ba ya kaiwa, ita ce a kurkuku. A nan gida ma dokar laifukan intanet ta 21 ga Disamban 2010 tana nan, kuma cewa ban san me suke yi ba ba zai goge sunanka daga takarda ba.

Mafi muni shi ne tayin da ya zo da tikitin jirgi. Ana cewa aikin kwamfuta ne a Bangkok, da masauki da abinci. In an sauka sai a karɓi fasfo, a ɗauki mutum a mota zuwa Mae Sot, a tsallaka da shi kogi zuwa Myawaddy a ƙasar Myanmar, a kulle shi cikin gida mai katanga da masu gadi, a tilasta masa damfarar mutane ta waya, in bai cika adadi ba a doke shi. Ofishin kare haƙƙin ɗan Adam na Majalisar Ɗinkin Duniya ya ƙiyasta a Agustan 2023 cewa aƙalla mutum dubu 120 ne ke cikin irin wannan hali a Myanmar, wasu kimanin dubu 100 a Kambodiya. Cikin dubban da aka fitar a Fabrairun 2025 akwai 'yan Habasha da 'yan Kenya. Kada ku ɗauka sai an je Asiya. A 2024 'yan sandan ƙasa da ƙasa na Interpol suka sanar da kama wani gungu a nan Kamaru da ke janyo mutane daga ƙasashe bakwai da alƙawarin aiki ko horo, a karɓi kuɗin rajista, sannan a tsare su sai sun janyo wasu. A Disamban 2024 hukumar EFCC ta Najeriya ta kama mutum 792 a wani bene a Legas, akasarinsu matasan Najeriya da baƙi suka ɗauka aikin damfara a gaban kwamfuta.

Iyayenmu, ina roƙonku da girman Allah, kada a sayar da sa ko gona don biya wa yaro kuɗin rajistar aiki. Aikin gaske ba a sayensa. Ku kuma masu ba yaran nan kwangila, ku biya su haƙƙinsu cikakke a kan lokaci, ku rubuta yarjejeniya, wanda kuka ɗauka dindindin ku yi masa rajista a hukumar inshorar ma'aikata ta CNPS. Duk ranar da kuka riƙe wa yaro kuɗin guminsa, kun ƙara tura shi wajen mai saƙon dala, alhali mabuɗan kasuwancinku na cikin jakarsa.

Ku kanku ƙannena, ku riƙa faɗa wa juna gaskiyar abin da kuke samu. Hoton albashin da ake yaɗawa ba a san mai shi ba yana sa kowa ya raina nasa. Aikin nesa na halal yana nan, mutane na yinsa, amma yana zuwa ne da tambayoyi masu wuya, da ganawa ta bidiyo fuska da fuska, da adireshin imel na kamfanin, da gurbin da za ka iya gani a shafinsu da kanka. In an ba ka gwaji, ka buɗe shi a keɓantacciyar kwamfutar gwaji irin wadda VirtualBox ke ƙirƙira kyauta, inda babu lambar sirrinka ko ɗaya. In mai tayin ya ƙi, ya nace sai a kan kwamfutarka ta aiki, ka rufe maganar.

Wanda kuma ya riga ya kunna irin wannan gwaji, kada kunya ta sa ya yi shiru. Ya cire kwamfutar daga intanet yanzu. Ya ɗauki wata na'ura daban ya canza lambobin sirrinsa, ya fara da imel. Ya kira duk wanda ya taɓa yi wa aiki ya gaya masa a canza mabuɗai yau, ko da zai sha faɗa. Ya sanar da abokan da ya tura wa saƙon, ya kai rahoto ga hukumar kula da tsaron intanet ta ANTIC ko 'yan sanda, sannan ya goge kwamfutar gaba ɗaya ya girka komai sabo kafin ya sake taɓa aikin wani.