Likitan Safe, Likitan Yamma: Asibitin Gwamnati da na Kuɗi a Birnin Kano

Tun kafin hantsi harabar Asibitin Murtala da ke Ƙofar Mata ta cika: masu layin kati, mata masu zuwa awo, 'yan jinya da suka kwana kan tabarma da kulolin abinci da butoci a gefe. Ban da mutanen Yakasai da Zango da Ƙoƙi, akwai na Bichi da Rano, akwai na Jigawa, har da waɗanda suka tsallako daga Nijar. Asibitin da aka kafa a zamanin En'e, cikin shekarun 1920, don mazauna cikin ganuwa, yau shi ne madogarar talakan jiha guda da maƙwabtanta. Da la'asar kuma, wasu daga cikin likitocin da suka yini a asibitocin gwamnati sai ka iske su a Nasarawa ko Tarauni ko titin Gidan Zu, a ɗakunan da sai an biya ake shiga. Masu gardamar wanne ya fi tsakanin asibitin gwamnati da na kuɗi sukan manta da wannan. Sau da yawa mutum ɗaya ne a kujerun biyu, kuma kowane ɓangare yana ci ne daga inda ɗayan ya gaza.

Abin ya samo asali ne daga talaucewar asibitin gwamnati. Bayan tsarin tsuke bakin aljihu da gwamnatin Babangida ta shigo da shi a 1986, naira ta faɗi, maganin da ake shigowa da shi ya yi tsada, albashin likita ya zama bai kai wata. Maganin kyauta ya ja da baya, aka koma sayarwa domin a juya kuɗin a sake sayo wani, irin tsarin da taron Bamako na 1987 ya ƙarfafa a Afirka. Da majinyaci ya ga ko a asibitin gwamnati sai ya sayi magani da safar hannu da sirinji, sai mai ɗan hali ya fara lissafi: tunda biya zan yi, me ya sa zan bi layi? Jama'a kuma na ta ƙaruwa. Ƙidayar 2006 ta nuna Jihar Kano ta haura mutum miliyan 9, kuma yawan gadaje da likitoci bai taɓa kamo ƙafar wannan ƙaruwa ba.

An gwada hana likitan gwamnati aikin gefe. A 1984 gwamnatin soja ta Janar Buhari ta yi dokar da ta haramta wa ƙwararrun ma'aikatan gwamnati aikin gefe, amma hanin bai yi ƙarko ba. Ƙa'idar aikin likita ta yanzu ta bi tsakiya: babban likita na iya duba marasa lafiya a wurinsa idan ya tashi daga aiki, amma ban da lokacin da gwamnati ke biyan sa. A takarda iyakar a fili take. A aikace, wa ke riƙe da agogon? A 2017 ministan lafiya Isaac Adewole ya sake tayar da zancen hanawa, aka yi ta ce-ce-ku-ce, zancen ya lafa.

Ni a ganina, dalilin lafawar shi ne gwamnati ta san abin da zai biyo baya. Likitan jiha idonsa na kan aikin tarayya, a Asibitin Malam Aminu Kano da aka kafa a 1988 ko Asibitin Ƙashi na Dala, inda albashi da damar ƙwarewa suka fi. Na tarayya kuma idonsa na kan Saudiyya ko Ingila. Ga Bakano, Saudiyya ba baƙon wuri ba ce: ga albashi mai kauri, ga Umara a kusa, iyaye ma ba za su hana ba. A Agustan 2021, likitoci masu neman ƙwarewa na tsakiyar yajin aiki, aka ga ɗaruruwan likitoci a wani otal a Abuja suna jiran tantancewar masu ɗaukar aiki na Saudiyya. A 2024 minista Muhammad Ali Pate ya ce kimanin likitoci 16,000 ne suka bar ƙasar cikin shekara biyar, saura wajen 55,000. A irin wannan hali, kuɗin yamma shi ke riƙe wasu ƙwararru a gida. Idan aka toshe shi ba tare da gyara albashi ba, asibitin gwamnati ne zai fara rasa su.

Sai dai wannan uzuri ba ya wanke kowa. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Likitan da zai duba mutum da dama kafin azahar, 'yan mintoci kaɗan yake ba kowa: me ke damun ki, tun yaushe, ga takarda, na gaba. Shi ɗin dai da yamma zai zauna ya saurara, ya auna, ya yi bayani, har ya ba da lambar waya. Ilimin ɗaya ne, lokacin ne ake sayarwa. Inda abin ke muni shi ne idan jinkirin safe ya zama hanyar cinikin yamma: a sa wa mutum ranar tiyata nan da watanni, sannan a raɗa masa cewa in yana da hali akwai inda za a yi masa a makon nan. Ba kowane likita ke haka ba, akwai masu kwana a ɗakin haihuwa ba su da wani wurin gefe. Amma tsarin da ya sa mutum yana samun riba daga tsawon layinsa, ya jarrabe shi ko da mai tsoron Allah ne. Ga kuma gajiya: wanda ya tashi daga wurinsa ƙarfe goma na dare, shi ne zai zaga ɗakin marasa lafiya da safe.

Asibitin kuɗi kuma yana zaɓar abin da zai ɗauka. Zazzaɓi, awo, haihuwa mai sauƙi, tiyatar da aka shirya mata, duk maraba. Da jini ya ɓalle wa mai jego, ko kuɗin ajiya ya ƙare, sai a rubuta takarda a ce a garzaya Murtala ko Malam. Lokacin da mashaƙo ya ɓarke daga ƙarshen 2022, Kano ce ta fi ko'ina jin jiki a Nijeriya, kuma asibitocin gwamnati ne, da tallafin ƙungiyar likitoci ta MSF, suka kwantar da yaran. Haka matan da ke fama da yoyon fitsari: cibiyar Laure da ke cikin Murtala suke nufa, domin cutarsu ba ta da kasuwa. Don haka idan aka ce an fi mutuwa a asibitin gwamnati, ya kamata a tambaya daga ina aka kawo majinyacin, kuma a wane hali.

A lungunan cikin birni ma, asibitin kuɗin da talaka ya sani ba mai na'urar sanyaya ɗaki ba ne. Kemis ne na bakin layi, inda ake allura har da ƙarin ruwa a bayan labule, sai ƙananan gidajen karɓar haihuwa da ɗakunan gwaji da suka kewaye manyan asibitoci. A nan haɗarin yake, domin mai farar riga ba lallai likita ba ne. Kano ta kafa hukumar PHIMA a 2017 don sa ido kan wuraren lafiya masu zaman kansu, kuma ta sha rufe waɗanda ba su da rajista ko ƙwararru. Rufewar ba ta rage masu buƙata ba.

Rikicin Asibitin Yara na Hasiya Bayero, kusa da gidan Sarki, ya nuna yadda mutanen birni ke ɗaukar lamarin. A 2023 gwamnatin Abba Kabir Yusuf ta ce an cefanar da shi, ta karɓe, ta gyara, ta sake buɗewa. Jami'an gwamnatin Ganduje da ta gabace ta suka musanta cewa sayarwa aka yi. Ko wa ke da gaskiya, uwa a Mandawari ta san bambancin asibitin da za ta je a ƙafa da goyo da wanda sai ta biya ɗan sahu zuwa wajen gari.

Sauran magana ta wa zai biya ce. Fiye da kashi 70 cikin ɗari na abin da ake kashewa kan lafiya a Nijeriya daga aljihun majinyaci yake fita, shi ya sa ake karo-karo a dangi, ana sanarwa a masallaci da rediyo. Dokar taimakekeniyar lafiya ta Kano ta 2016 da dokar inshorar lafiya ta ƙasa ta 2022 sun nufi sauya haka: a tara kuɗi tun ana lafiya, hukuma ta biya asibitin da mutum ya zaɓa, na gwamnati ko na kuɗi. Tsarin ya fi kama ma'aikaci, saboda daga albashi ake cira. Marini a Ƙofar Mata da baduku a Kasuwar Kurmi ba su da albashin da za a cira, kuma su da ire-irensu ne suka fi yawa a cikin ganuwa.