Kaji, Kunkuru da Sauran Dabbobi a Tsakar Gida Ɗaya: Inda Haɗarin Yake

A gidaje da yawa, da safe uwargida kan zuba dusa ko tsaba a kasko ɗaya ta juya ta koma madafi. Kaji su rugo, agwagwa ta biyo su tana rangaji, akuya ta ja igiya har bakinta ya kai, in kuma gidan akwai kunkuru, shi ma ya lallaɓo ya sa kai. Mai kallo zai ce zaman lafiya ke nan. Amma asara mai yawa daga wannan kaskon take farowa. Shaho da muzuru kowa ya san su, ana kuma yi musu shiri. Abin da ba a cika lura da shi ba shi ne haɗa abinci, ruwa da magani ga dabbobin da Allah bai yi su iri ɗaya ba.

Babban kunkurun da ake ajiyewa a gidajenmu ɗan yankin Sahel ne, daga Senegal da Mali zuwa Nijar, arewacin Nijeriya, Chadi, Sudan har Habasha. Cikin kunkurun tudu a duk duniya, kunkurun tsibiran Galapagos da na Aldabra ne kaɗai suka fi shi girma. Yakan kai kilo 50 har ya zarce, yakan kuma yi shekara 70 ko fiye, wato wanda ya saye shi yana saurayi sai ya bar wa 'ya'yansa gado. Wasu don sha'awa suke ajiye shi, wasu don imanin yana kare gida daga sammu. A daji dai ya yi ƙaranci har ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sa shi cikin dabbobin da ke fuskantar barazanar ƙarewa, don haka wanda ke hannunka ya cancanci a kula da shi.

Ciyawa ce abincinsa, ɗanya da damina, busasshiya da rani. Shi kuwa abincin kaji na buhu cike yake da furotin: na kajin ƙwai yakan kai kashi 16 zuwa 18 cikin 100, na 'yan tsakin burola ya haura 20. Kunkuru na son sa ƙwarai, kuma yau ko gobe ba za ka ga komai ba. Sai an ɗauki shekaru za a ga ƙoƙon bayansa, wanda ya kamata ya kasance sumul, ya fara yin tudu-tudu, ƙodarsa ta gaji, wani har tsakuwa ta taru a mafitsararsa. Haka ragowar tuwo da shinkafa da wake da ake tura masa da sunan tausayi. A ba shi ciyawa da ɗan ganye, abincin kaji kuwa a rataye shi da igiya, ko a sa shi cikin akurki mai ƙaramar ƙofa wadda kaza za ta shiga shi ba zai iya ba. Ɗora kasko bisa bulo ba ya hana babban kunkuru, ture shi zai yi.

Magani ya fi abinci saurin kisa. Ivermectin, wanda ake yi wa awaki da tumaki allurarsa don tsutsar ciki da kaska, wasu kuma su ɗiga wa kaji, guba ne ga kunkuru da kififfiya. Ɗan kaɗan ya isa ya shanye musu jiki su mutu. Kada wanda ya zo yi wa dabbobi allura ya ce bari ya haɗa da kunkuru, kada kuma a zuba maganin a ruwan da zai iya kaiwa. Haka fiya-fiya da ake fesawa a akurki don ƙuma, da shinkafar ɓera da ake barbaɗawa a lungu: kaza ta tsince, mage ta ci ɓeran da ya ci, kunkuru ya lashe abin da ya rage.

Faɗa tsakanin kunkuru da sauran dabbobi kuwa girma ne ke raba gardama. Ɗan kunkurun da bai wuce tafin hannu ba, ƙoƙonsa bai yi ƙwari ba, kaza na iya tsone masa ido, sabon ƙyanƙyasa ma ta cinye shi. Kare kuma ya ɗauke shi tamkar ƙashi ya yi ta gwaigwaya. Babba kuma ba ya kauce wa kowa. Yakan bi ta kan 'yan tsaki, ya fasa ƙwai, ya kifar da ruwa. Ga haƙa: rami mai zurfi yake yi don ya tsere wa zafi, in ya yi shi a gindin katangar ƙasa ko ƙarƙashin akurki, ya buɗe wa gafiya da maciji hanya. A keɓe masa gefe da gini na bulo mai kai wa gwiwa, a nitsa tushensa cikin ƙasa, da inuwa da ruwa marar zurfi, domin kunkurun tudu bai iya iyo ba. Ragar waya ba ta tsare shi; muddin yana hango waje, zai yi ta tura ta har ta faɗi. Kififfiya kuma nama take ci. Mai kiwon agwagi kusa da kududdufi ya sani cewa takan ja ɗan agwagwa ta ƙafa ta nutsar da shi.

Sai abin da ya shafi yara, wanda a ganina ya fi duk sauran nauyi. Kunkuru da kaza duka sukan ɗauki ƙwayar cutar salmonela a hanjinsu, su riƙa fitar da ita a kashi alhali su lafiyarsu ƙalau. Yaro ya hau bayan kunkuru, ya rungumi ɗan tsako, ya dawo ya sa hannu a kwano. Tsakanin awa 6 zuwa kwana 6 sai gudawa da zazzaɓi da murɗar ciki. 'Yan ƙasa da shekara 5 da tsofaffi da masu juna biyu sun fi shan wuya. Saboda yawan yaran da ke kamuwa ne Amurka ta haramta sayar da ƙananan kunkuru, waɗanda ƙoƙonsu bai kai inci 4 ba, tun 1975. Mu da mai rarrafe ke wasa a ƙasar da kaji ke yawo, sharar safe da yamma da wanke hannu da sabulu ba ƙaramin abu ba ne. Kaskon dabbobi kada a wanke shi inda ake wanke-wanke, ƙwai kuma a dafa shi ya dahu.

Talotalo da kaji ma ba abokan kwana ba ne. Akwai wata 'yar tsutsa a hanjin kaza da ke ɗauke da cutar da ba ta cika kayar da kazar ba, amma tana cin hantar talotalo. Za a ga ya saki fuka-fuki, kashinsa ya koma rawaya, kafin a ankara garken ya ƙare. Ƙwan tsutsar kan yi shekaru a ƙasa, shi ya sa ko an kwashe kajin, filin bai zama lafiyayye ga 'yan talotalo ba.

Agwagwa kan ɗauki murar tsuntsaye ba tare da ta nuna alama ba. A watan Fabrairun 2006 aka fara tabbatar da nau'in H5N1 a nahiyar Afirka, a wata gonar kaji da ke Jaji a Jihar Kaduna, cikin watan kuma aka same shi a jikin agwagin gida a Magaria ta Nijar. Ya sake ɓulla a Kano da Legas a farkon 2015. Ruwan da agwagwa ta yi wanka a ciki kada kaji su sha. Duk tsuntsun da aka sayo a kasuwa ko aka kawo tsaraba daga ƙauye, kaza ce, zabo ne ko tantabara, a ware shi aƙalla mako biyu kafin ya shiga cikin na gida. Ta hanyar irin waɗannan baƙin tsuntsaye ne cutar Niyukasul, mai murɗe wa kaza wuya, ke share gari guda da hunturu. Kafso da ake fasawa a ruwa ba ya yi mata komai. Rigakafi ne ke tare ta, kuma cibiyar binciken lafiyar dabbobi da ke Vom a Jihar Filato na yin wani iri, I-2, mai jure zafi, da ake ɗiga wa kaza a ido.

Akuya ko tunkiyar da ta samu buhun abincin kaji a buɗe takan ci har cikinta ya kumbura, kuma hakan na kisa cikin kwana ɗaya ko biyu. Wasu buhunan ma ana gauraya su da maganin kashin jini irin su monensin, wanda ke lalata zuciyar doki da jaki.

Da magariba a kwashe ragowar abinci, a rufe buhu cikin duro mai murfi. Tsabar da ta kwana a ƙasa ɓera take kira, ɓera kuma ya zo da zazzaɓin Lassa, ya kuma jawo maciji. Gamsheƙa dama ƙwai da 'yan tsaki take nema. Kada a sa hannu a akurki cikin duhu sai an haska. In kaji suka fara mutuwa biyu-biyu uku-uku, kada a yi saurin yanka masu layi a kai kasuwa, kada kuma a jefa mushen a bola inda kare da ungulu za su yaɗa shi. A sa leda a hannu a ɗauka, a binne da zurfi, a hana sauran fita, sannan a sanar da malamin dabbobi na ƙaramar hukuma.