Ko Kun Sani? Ƙaramin Albashin Nijar Ya Fi na Najeriya Nauyi

A shekarar 2024 Najeriya ta ɗaga mafi ƙarancin albashi zuwa naira 70,000, na Nijar kuwa ya koma sefa 42,000. In aka canja su zuwa dala, na Nijar ne kan gaba, saboda faɗuwar darajar naira. Duk da haka, da an gama girbi 'yan ci-rani daga Maradi da Damagaram sai su nufi Kano da Legas. Wani zai ce rashin lissafi ne, amma ba haka ba ne. 'Yan ci-rani irin su mai ga-ruwa da mai shayi ba su da alaƙa da albashin doka, yawan masu saye suke bi. A Nijar aikin albashi kaɗan ne, akasarin jama'a manoma ne waɗanda rani ke bari ba sana'a.